Jakar ruwa a kan laka: ciwon da ake haifar yaro da shi, ya yi shekaru a ɓoye

A ɗauka yaro ne ɗan shekara shida, lafiyayye, mai guje-guje da tsalle-tsalle. Aka wayi gari yana kukan ciwon wuya, yana karkata kai gefe guda. Aka ce kwanciya ce, aka shafa masa man zafi, bayan kwana uku ya ware. Wata biyu a tsakani ciwon ya dawo, wannan karon har da yawan tuntuɓe, takalminsa na hagu yana cinyewa ta gaba saboda jan ƙafa. Sai aka tuna ya faɗo daga kan katanga kwanakin baya, aka kai shi wajen mai ɗori, ya sake samun sauƙi. Kafin shekara ta zagayo ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana ɗan shekara uku, aka yi ta yi masa faɗa. Ranar da ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa gaba ɗaya, ranar ce aka fara maganar babban asibiti.

Wannan ba labarin wani yaro takamaimai ba ne, siffa ce ta yadda ciwon ya saba tafiya. Abin da ke damun irin wannan yaro wata 'yar jaka ce cike da ruwa, wadda aka haife shi da ita, tana zaune a cikin ramin ƙashin bayansa tana danne laka. Ba kansa ba ce, ba ta yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, kuma sau da yawa ana iya cire ta. Abin da ke nakasa yaron shi ne watannin da suka shuɗe tsakanin alamar farko da ranar da aka gano ta.

Sai an san wurin kafin a gane dalili. Ƙashin baya jerin ƙasusuwa ne da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, kowanne da rami a tsakiya, ramukan suka haɗu suka zama kamar bututu. A cikin bututun nan laka take, wato igiyar jijiyoyin da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, wadda duk saƙon motsi da na jin taɓawa da na riƙe fitsari da bayan gida ke bi ta cikinta. Kaurinta a jikin babba bai wuce na ɗan ƙaramin yatsa ba. Tantani uku ne suka lulluɓe ta, tana kuma cikin wani ruwa garai-garai. Bututun ƙashi ba ya buɗawa. Jakar da za ta zauna a cikin ciki shekara da shekaru ba a san da ita ba, idan ta samu kanta a nan, girman ƙwayar gyaɗa ya isa ya sa ƙafa ta mutu.

Asalin abin yana komawa ne ga mako na 3 da na 4 bayan shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba, tayin kuma bai fi ƙwayar gero ba. A lokacin shimfiɗa uku ce kawai. Ta waje ita ke zama fata da ƙwaƙwalwa da laka, ta ciki ta zama rufin hanji da na hanyoyin numfashi, ta tsakiya ta ba da ƙashi da tsoka. Dole ne su rabu da juna tsaf, kowacce ta kama gabanta, bututun laka kuma ya rufe kafin kwana 28. Idan 'yan ƙwayoyin halitta na wata shimfiɗa suka maƙale a inda ba nasu ba, ba sa mantawa da aikinsu. Na hanji za su ci gaba da fitar da majina, na fata su ci gaba da zubar da saɓa da maiƙo. Tunda babu mafita, abin sai ya taru ya zama jaka.

Daga nan ne nau'o'in suka rabu. Wadda ta fi kowacce ban mamaki ita ce wadda likitoci ke kira nuroenterik, ma'ana jakar da ta haɗa jijiya da hanji. Idan aka duba bangonta a madubin likita, sai a ga irin rufin hanji ko na maƙogwaro sak, alhali daga kan laka aka ciro ta. Likitoci biyu, Kubie da Fulton, ne suka bayyana ta a 1928, sunan da ake kiranta da shi yanzu kuma Holcomb da Matson suka raɗa mata a 1954. A cikin duk ƙarin da ke fitowa a ƙashin baya da laka, rabonta bai wuce kashi 0.7 zuwa 1.3 cikin 100 ba, kuma ta fi samun maza. Ta fi son ƙasan wuya da saman gadon baya, kuma ta gaban laka take zama, abin da ke wahalar da mai tiyata, domin shi ta baya hanyarsa ta fi sauƙi. Kusan rabin masu ita ana samun wata tawaya a ƙashin bayansu: ƙashi ya fito rabi, ko biyu su manne, ko ya tsage ta tsakiya. Wani lokaci ma jakar tana da 'yar'uwa a cikin ƙirji, da siririyar hanya a tsakaninsu wadda ta ratsa ƙashi.

Ita ce kuma gwanar yaudara. Bangonta yana fitar da majina, jakar ta kumbura, ciwo ya tashi. Ruwan ya ɗan tsotse ko ya yoyo, jakar ta saki, yaro ya miƙe ya koma wasa. Duk maganin da aka ba shi a daidai wannan gaɓa, na kemis ne ko na gargajiya, shi za a yaba wa. Ni ban ga laifin uwar da ta ga ɗanta ya tashi ta yi hamdala ba. Amma ciwon da ke tafiya yana dawowa, kowane zuwa ya fi na baya nauyi, bai warke ba. Faɗuwa ma tana ruɗarwa, domin ɗan bugu kaɗan yana iya tayar da ciwon jakar da ta daɗe a kwance, sai a ɗora wa faɗuwar laifi gaba ɗaya.

Nau'i na biyu daga tantanin laka yake fitowa, na tsakiya, wanda saboda laushinsa aka kamanta shi da saƙar gizo-gizo, likitoci na ce masa araknoyid. Ruwan cikin wannan jaka ruwan laka ne tsantsa. A yawancin na yara masu tasowa, wata 'yar ɓula ce a tantanin waje mai kauri, na tsakiyan ya leƙo ta cikinta kamar yadda tub ke leƙowa ta yagaggiyar taya. Duk tari ko atishawa ko yunƙuri yana tura ruwa ciki, komawarsa kuma da wuya, sai jakar ta yi ta girma a hankali har ta rarake ƙashin da ke kewaye da ita. A 1988 Nabors da abokan aikinsa suka kasa waɗannan jakunkuna gida uku, har yanzu da rabon nasu ake aiki. Akwai ma iyalan da suke gadonta tare da kumburin ƙafafu da gashin ido layi biyu, saboda sauyi a ƙwayar gado mai suna FOXC2.

Na uku shi ne wanda na fi so mai karatu ya riƙe, domin shi ne ya fi barin shaida a waje. Idan fata ta kasa rabuwa da laka a wani ɗigo, sai a bar wata siririyar hanya daga saman fata har cikin ramin ƙashi. Ana ƙiyasta samun haka a haihuwa 1 cikin 2,500. A kan hanyar nan ko a ƙarshenta ake samun jakar fata. Wata saɓa ce kawai a cikinta, fara mai ƙyalli, shi ya sa likitocin Faransa na ƙarni na 19 suka kira ta ƙarin lu'ulu'u. Wata kuma har da gashi da maiƙo. Daga waje abin da ake gani ɗan rami ne kamar hudar allura a tsakiyar baya, wani lokaci da tsiron gashi a bakinsa, ko jan tabo kewaye da shi, ko ɗan tudun kitse, ko 'yar tsokar da ta yi kama da wutsiya.

A nan akwai buƙatar a bambance, don kada a tayar wa iyaye hankali a banza. Jarirai da yawa suna da ɗan loɓawa a cikin tsagin mazaunai, kusa da dubura. Idan guda ɗaya ce, a tsakiya, faɗinta bai kai milimita 5 ba, nisanta da dubura bai wuce santimita 2.5 ba, kuma babu gashi ko tabo tare da ita, wannan ba komai ba ce. Wadda take sama da tsagin, ko take tsattsafar da ruwa ko mugunya, ita ce abin tsoro. Kada a zura mata tsinke ko abin gwaji don a ga zurfinta, kada a matse ta, kada wanzami ya yi mata sakiya ko tsaga. Ƙofa ce da ta buɗe kai tsaye zuwa ruwan da ke zagaye laka da ƙwaƙwalwa.

Ta wannan ƙofa ƙwayoyin cuta ke shiga su haddasa sanƙarau. A ƙasar Hausa, daga Sakkwato zuwa Damagaram, sanƙarau ba baƙo ba ne, muna cikin yankin da yake ɓarkewa daga hunturu zuwa bazara, don haka idan yaro ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya ba wanda zai yi mamaki. Za a yi masa allurai ya warke a sallame shi. Amma yaron da sanƙarau ya kama sau biyu ko uku, ko ya kama shi da damina babu annoba a gari, ko gwajin ruwan bayansa ya nuna ƙwayoyin da aka saba samu a fata ko a hanji, wannan a tuɓe shi a duba tsakiyar jikinsa tun daga karan hanci, a bi ta tsagin gashin kai da ƙeya, har zuwa ƙarshen gadon baya. Dubawar ba ta cin minti biyu, ba ta kuma cin ko sisi.

Af, ba duk jakar fata ce ta haihuwa ba. A 1956 Choremis da abokan aikinsa a ƙasar Girka suka ba da rahoton yaran da aka yi ta yi wa allura a gadon baya don maganin sanƙarau na tarin fuka, bayan shekaru suka fito da irin wannan jaka. Allurar da babu toshi a cikinta ce take yanko ɗan ɓarɓashin fata ta dasa shi a ciki. Wannan ne ya sa ake ɗibar ruwan baya da allura mai toshi, kuma darasi ne da bai tsufa ba a duk inda ƙarancin kayan aiki ke sa a ɗauki allurar da ta samu.

To, yaro ya iso asibiti ƙafafu ba ƙarfi. Me likita zai fara tunani? Gaskiya ba jaka ba, kuma yana da hujja. A wajenmu tarin fuka na ƙashin baya ya fi ta yawa nesa ba kusa ba, shi ne mai karya ƙashi ya fito da ƙusumbi. Akwai tsargiya, wadda ƙwanta ke iya kaiwa laka a jikin yaran da ke wanka a kududdufi da madatsun ruwa. Akwai kansar yara mai kumbura muƙamuƙi da ciki, ita ma takan danne laka. Sai kuma shan inna, wanda sunansa ke fara zuwa bakin kowa. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Najeriya an gan shi a jihar Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020, amma har yanzu duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya ana ɗibar bayan gidansa sau biyu a kai gwaji. Tsari ne mai kyau. Damuwata ita ce abin da ke biyo bayan sakamako. Idan ya fito babu shan inna, aikin jami'in da ke sa ido kan shan inna ya ƙare, yaron kuwa yana nan da matacciyar ƙafarsa, ba wanda ya ce a je a duba laka.

Alhali hannu kawai yana iya raba su. Ƙafar shan inna saki take yi laƙwas, yawanci gefe ɗaya ya fi, yaron yana jin taɓawa, kuma bayan kwanakin farko ciwon ba ya ci gaba. Ƙafar da aka danne lakarta daga sama sandarewa take yi, idan aka buga ƙasan gwiwa sai ta zabura fiye da ƙima, idan aka karci tafin ƙafa da makulli sai babban yatsa ya ɗaga sama, abin da bai kamata a gani ga yaron da ya wuce shekara biyu ba. Sau da yawa akwai wani layi a ciki ko a ƙirji wanda daga shi zuwa ƙasa jin taɓawa ya ragu. Fitsari yana canzawa, ko ya riƙa zuba ba a sani ba, ko ya ƙi fita. Ciwon bayan da ke tayar da yaro daga barci, ko bayan da ya fara karkacewa tun yana ƙarami, ko ƙafa ɗaya da ta fi ɗaya ƙanƙanta, duk suna nuni wuri guda. Yaro ba tsoho ba ne, ciwon baya mai naci a jikinsa ba gajiya ba ce.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jakar, amma yana iya nuna sawunta, kamar ƙashin da ya fito rabi ko ramin da ya yi faɗi fiye da ƙima. Ga jariri akwai wata dama da ake yawan bari ta wuce. Kafin wata uku zuwa huɗu ƙasusuwan bayansa ba su gama ƙwari ba, don haka na'urar sikanin da ake duba masu ciki da irinta, idan aka sa mata kan da ya dace kuma mai dubawar ya ƙware, tana ganin lakar, tana nuna inda ta ƙare da ko akwai wani abu kusa da ita. Ba allurar barci, ba tsada. Bayan wannan lokaci ƙashi ya rufe hanya, sai hoton MRI, wanda wata babbar na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka ta nuna laka da abin da ke kewaye da ita.

MRI shi ne alƙali a wannan shari'a. Kafin yaɗuwarsa a shekarun 1980 sai an zuba rini a ruwan baya ake hango inuwar abin da ya toshe, da yawa kuma sai a kan teburin tiyata ake sanin mene ne. Yanzu hoton yana nuna jakar, da matsayinta, da yadda ta lanƙwasa laka, akwai ma wani salon ɗauka da ke raba jakar saɓa da ta ruwan laka, waɗanda a hoton farko kamarsu ɗaya. Shawarata a ɗauki bayan gaba ɗaya daga wuya har ƙasa, domin tawayar haihuwa ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Wahalarsa a fili take. Na'urar tana manyan birane, kuɗin daga aljihun uba yake fita, ɗaukar tana cin rabin awa ko fiye cikin ƙara mai firgitarwa, ƙaramin yaro kuma ba zai kwanta shiru ba sai an sa shi barci, wanda ke buƙatar ƙwararre a kusa. Iyali da yawa a nan suke tsayawa, su koma gida neman kuɗi, su dawo bayan wata shida. A cikin wata shidan nan ne ƙafar ke tafiya.

Maganar magani ba ɗaya ba ce ga kowa. Jakar ruwan laka da aka gani bisa tsautsayi, ba ta danne komai, yaro ba ya jin komai, ana iya barinta a riƙa bibiya da hoto. Idan tana damu, abin da ya fi muhimmanci shi ne a nemo ɓular nan a ɗinke ta, domin ita ce tushen, wasu likitocin ma ba sa cire dukan bangon idan sun rufe ɓular. Hanyar fata kuwa hukuncinta daban: ana cire ta ko yaro lafiyarsa ƙalau, kuma da wuri, a bi ta har inda ta ƙare a ciki. Yanke bakin ramin kawai a ɗinke fata rufe ido ne, an bar jakar da sauran hanyar a ciki. Idan aka jira har ƙwayoyin cuta suka shiga, jijiyoyi sukan manne da bangon jakar, aikin da zai zo da sauƙi ya zama mai haɗari.

Jakar hanji, wato nuroenterik, ita ce ke raba kan masana. Zuƙe ruwan da allura ba magani ba ne, domin bangon da ke samar da shi yana nan, zai sake cikawa. Burin shi ne a cire bangon duka. Amma tana gaban laka, wani lokaci ta manne da ita kamar fatar albasa. Masu shiga ta gaba suna ganin jakar sosai, sai dai dole su cire ƙashi su maye gurbinsa, a jikin da bai gama girma ba. Masu shiga ta baya, waɗanda su ne suka fi yawa, suna tsotse ruwan tukuna don jakar ta saki, sannan su zaro ta ta gefen laka a hankali, suna kiyaye kada majinar ta zube a ciki ta ƙona tantani ta jawo sanƙarau marar ƙwayar cuta. Idan wani yanki ya ƙi ɓantaruwa fa? An ba da rahoton dawowar jakar har kashi 37 cikin 100 idan ba a cire ta duka ba. Duk da haka ina tare da masu cewa a bar ɗan guntun. Jakar da ta dawo ana iya sake yi mata aiki, lakar da aka yaga ba ta da ɗinki. A asibitocin da suke da hali ana maƙala wa yaro wayoyi masu auna saƙon jijiya yayin aikin, su yi gargaɗi kafin ɓarna ta auku.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanta da yara. Idan aka cire murfin ƙashin baya da yawa aka bar wurin haka, musamman a wuya da saman baya, yaron yana girma bayan yana dunƙufewa gaba. Shi ya sa ake so a ɗaga murfin kamar ƙyaure, a gama aiki a mayar da shi mazauninsa, ko a shiga ta gefe ɗaya kawai.

Masu wannan aiki ba su da yawa. Tun da Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962 an samu ci gaba, yau ana yin irin wannan tiyata a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya, da Abuja, da Yamai. Amma likitocin fannin a Najeriya ƙalilan ne, ga mutane sama da miliyan 200. Don haka rabon yaron yana hannun waɗanda ke ganinsa tun farko: ungozomar da ta yi masa wankan farko, kakar da ke gasa masa cibi tana juya shi kullum, ma'aikaciyar rigakafi, da malamin asibitin ƙauye. Su ne suke ganin bayan jariri tsirara, kuma takardar turawa daga hannunsu take fara fita.

Game da rigakafi, kada a yi wa mutane alƙawarin da ba a tabbatar ba. Ƙwayar folik asid, idan aka fara shanta kullum tun kafin shigar ciki, tana rage haihuwar jarirai masu buɗaɗɗen baya ƙwarai, babban binciken da Birtaniya ta jagoranta ya nuna haka a 1991. Kowace mace mai shirin haihuwa ta sha, maikurogiram 400 kullum. Sai dai waɗannan ɓoyayyun jakunkuna suna samun 'ya'yan wadda ta sha da wadda ba ta sha ba, kuma ba abin da uwa ta ci ko ta ɗauka ko ta tsallaka ne ya jawo su ba. Ya kamata a faɗa mata haka a gaban mijinta da surukarta.

Bayan tiyata, ciwo ne yake fara tafiya. Ƙarfin ƙafa yana biyo baya cikin makonni ko watanni tare da gashin ƙashi da motsa jiki, kuma yaron da ya shiga ɗakin tiyata da ƙafarsa ya fi wanda aka ɗauko a kafaɗa samun cikakkiyar lafiya. Mafitsara ce mai taurin kai, ita ce ta ƙarshen dawowa, wani lokaci ba ta dawowa. Haɗarinta ya wuce jiƙa shimfiɗa, domin fitsarin da ya taru yana komawa sama ya lalata ƙoda a shiru. Tun 1972 Jack Lapides ya nuna cewa zura siririyar roba mai tsabta a zubar da fitsarin sau huɗu zuwa shida a rana yana kare ƙodar, uwa tana iya koyo cikin 'yan kwanaki, yaro ma idan ya tasa yana yi da kansa. Sannan a riƙe ranakun komawa asibiti ko da yaro yana buga ƙwallo, musamman wanda aka bar wa guntun bango, domin jakar takan dawo bayan shekaru. A adana faifan hoton farko da takardar sakamakon gwajin abin da aka ciro, likitan da zai gan shi yana ɗan shekara goma sha biyar zai nemi ya gwada sabon hoto da tsohon.